Samaniyar Jirgin Bappa Bamanga

A unguwar Pantami, idan ka ce Zulki mai fenti, ba sai ka ƙara bayani ba. Zulkifilu ne sunan da aka raɗa masa, amma tun yana ɗaukar wa ubangidansa tsani aka gutsure sunan, guntun kuma ya bi shi har furfura. Dogo ne siriri, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da cikakken bokiti, ko da babu komai a hannunsa. Fenti ba ya fita daga ƙarƙashin faratansa. Ko ranar Sallah ya miƙo maka hannu, kana iya gane launin gidan da ya gama a makon.

Iyayensa Barebari ne da cinikin auduga ya kawo Gombe, suka zauna. Bokonsa bai wuce firamare ba. Abin da ya sani shi ne bango: wanda ya sha ruwa, wanda filastarsa ba ta bushe ba, wanda zai shanye fenti kamar ba a shafa ba. Ya yi gidaje da shaguna, ya yi makarantun Islamiyya, ya yi masallatai da dama a Jekadafari da Bolari. Masu gida sun san shi da hali guda, ba ya barin bango rabi. Idan ya fara daga wannan kusurwa sai ya dangana da waccan, ko abinci aka kira shi, domin a cewarsa inda fenti ya bushe kafin a haɗa shi da sabo, tabon wurin ba ya ɓoyuwa.

Wannan halin ne ya tsayar da shi a wani falo a unguwar Malam Inna, a daminar bara waccan, ranar da hadari ya haɗo tun kafin azahar. Ya gan shi ta taga. Ya ce bari ya ƙarasa bangon. Kafin ya ƙarasa ruwa ya tsuge, irin wanda ba ka ganin gidan da ke tsallaken titi. Gidansa kuwa a gangare yake, kusa da kwari. Ya kira matarsa Ummukulthum, waya ta ƙi shiga. Babu ɗan acaɓan da ya yarda ya ɗauke shi, sai ya taho a ƙafa, wani wurin ruwa har gwiwa. Da ya iso ya tarar katangar baya ta faɗi, madafa da ɗaki guda sun bi ruwa. A gidan maƙwabta ya sami Ummukulthum cikin aron zane, an ɗaure mata ƙwauri da tsumma. Da igiyar guga aka jawo ta. Sai da wata tsohuwa ta ce, "Malam Zulki, ajiye abin nan mana," sannan ya lura burushi na hannunsa tun daga Malam Inna.

Allah ya yi da sauran kwana. An tayar da katangar da bulo, an yi wa ruwa hanya mai faɗi, ƙafar ta warke. Shi ne bai koma daidai ba. Da rani ba ka gane komai a tare da shi. Amma da zarar damina ta faɗi, yana bisa tsani idonsa na taga, kuma gabas na fara duhu zai sauko ya kama hanyar gida, ya bar gwangwani a buɗe. Sau da yawa ko ɗigo ba a yi. Masu gida suka yi ta haƙuri saboda sun san abin da ya same shi, daga baya kuma suka fara kiran wasu a asirce.

Wanda ya rage yana ba shi aiki shi ne Jaji, wani ɗan kwangila da suka daɗe tare. A bana, da ruwa ya zauna, Jaji ya same shi a ƙofar gida.

"Zulki, ni da kai ba ta yau ba ce," in ji shi. "Amma mai gida ba labarin hadari yake son ji ba, bango yake son gani. Akwai ɗan aiki a gidan bappana a Jekadafari. Katako ne, bai kai rabin bango ba. Ka gama shi, in sa ka a aikin makarantar da za mu fara kafin a dawo hutu. In ka bar shi rabi, to, sai dai mu riƙa haɗuwa a ɗaurin aure."

Zulki ya amince. Ya san idan Jaji ya sake shi, babu wani mai kira. Sai dai ya sayar da tsani da burusai, kuma bayan fenti bai iya komai ba.

Bappan Jaji, Bamanga, tsoho ne gajere mai ƙarfin murya. Ɗan makiyaya ne, ya bar shanu yana saurayi ya shiga aikin reluwe, ya ƙare a matsayin mai tuta da usur a taragon ƙarshe, tsakanin Bauchi da Maiduguri. Bayan ya yi ritaya, 'yarsa Batul ta aiko wa jikoki jirgin wasa mai batir. Tsoho ya karɓa ya ce zai duba musu, bai ƙara mayarwa ba.

A wani dogon ɗaki kusa da zaure ya kafa teburi, a kansa ya gina duniyarsa. Ga tashar Gombe da kwali, har da tankin ruwa na gwangwanin madara. Ga gada da tsinken tsire. Ciyawa garin katako ce da ya rina kore, itatuwa soso ne a kan tsinken tsintsiya, ga kuma fararen shanu na laka, kowace da ƙahonta. Layin ya zagaya ya shige wani tsauni na buhun siminti ya fito. Amma bayan duk wannan, bangon ɗakin ne tsirara, da tabon damshi da ƙusoshin tsofaffin kalanda. A gefe an jingine dogon falankin da za a kafa a wurin.

"Jaji ya ce zai turo mini mai fenti," in ji Bamanga, bayan sun gaisa ya tambayi asalinsa. "Ashe Babarbare zai turo. To, bawana ne ya zo, aiki ya zama kyauta."

"Allah ya ja kwana, Bappa. Ban taɓa ganin Bafillatanin da ya rasa saniya ya koma kiwon gwangwani ba sai yau."

Tsoho ya yi dariya har da tari. "Sama nake so. Jirgina yana tafiya a ƙarƙashin bangon ɗaki, abin yana damuna."

Zulki ya ga aikin ba shi da wuya. Ya kwantar da falankin bisa benci biyu a cikin ɗakin, ya shafa fari, ya bushe, ya kawo shuɗin fentin ruwa mai kyau ya bi da rola. Kafin azahar ya gama, sumul, babu tabo ko ɗaya. Suka ɗaga shi suka jingina a bayan tasha.

Bamanga ya ja baya, ya karkata kai.

"Wannan sama ce ko ƙofar kanti?"

"Shuɗi ka ce, Bappa."

"Sama na ce. Zo mu je."

Ya ja shi waje, suka tsaya a inda lungu ya buɗe ana hango tudun bayan gari. Ranar gari ya yi wasai. Tsoho ya nuna tsakiyar sama da sandarsa, ya ce ya duba can, sannan ya sauko da idonsa a hankali har kan rufin gidajen nesa. Zulki ya bi sandar. A bisa kansa shuɗin mai kauri ne. Yana saukowa yana tsinkewa, kamar ana ƙara masa ruwa, har ya isa bakin tudu ya koma kusan fari. Kuma babu inda za ka sa yatsa ka ce a nan wani ya ƙare wani ya fara. Ya daɗe a tsaye. Damina biyu ke nan ba shi da aiki sai kallon sama, amma duhun gabas kawai yake nema, bai taɓa lura da launinta ba.

A hanyar gida ya yi ta auna yadda zai yi. Sai an haɗa fenti kashi uku, mai kauri, matsakaici, da wanda ya kusa fari. A shafa su jere, sannan a bi da busasshen burushi mai faɗi ana cuɗa iyakokinsu tun suna ɗanye, a matsa gaba, a sake. Fentin ruwa kuwa ba ya jira. Daga wannan bakin falanki zuwa wancan, hannu ba zai tsaya ba.

Washegari ya zo da robobi uku. Aikin ya fara kyau, har Bamanga ya daina tsokana ya jawo kujera. Zulki ya kai tsakiyar falankin ke nan sai hasken taga ya rage. Iska ta shigo da ƙanshin ƙasa, wata ƙofa ta buga a cikin gida. Ya ƙara shafa ɗaya, ya ƙara ta biyu, sai ya ajiye burushin.

"Bappa, ina zuwa."

Bai tsaya jin amsa ba.

Kafin ya kai Pantami iska ta watsa hadarin. Ya tarar da Ummukulthum a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Ta dube shi, ta dubi sama, ta ci gaba da abin da take yi.

"An gama?"

"Saura kaɗan."

"Wato ba a gama ba."

Ya zauna a bakin rijiya yana mayar da numfashi. Ta tura masa kofin ruwa.

"Malam, ni aka jawo da igiya. Ga ni kuma ina tsintar wake."

"Da ina gida ranar nan..."

"Da kana gida da igiya biyu aka nema. Kai da ko a baho ba ka iya iyo ba." Ta busa ƙaiƙayi daga faifan. "Ka gina katanga, ka yi magudana. Abin da ya rage ba naka ba ne. In ka zauna mini a gida duk damina, me za mu ci, gadin da kake yi mini?"

Ya ɗauki kofin ya sha. Ta san ya ji.

Da safe ya koma Jekadafari yana jan ƙafa. Falankin na nan bisa benci. Rabin hagu sama ce sosai. Daga tsakiya kuwa wani layi ya sauko a tsaye inda fentin ya bushe, bayansa ratsi uku ɓaro-ɓaro da bai kai ga cuɗawa ba.

"Na yi ta tunanin tutar wace ƙasa ce," in ji Bamanga.

"Ka yi haƙuri, Bappa. Jaji ya kira?"

"Ya kira. Na ce masa Babarbare na nan yana ɓarnar fenti. Ai ban yi ƙarya ba." Tsoho ya gyara zaman wata saniyar laka. "Ya faɗa mini abin da ya faru da iyalinka tun kafin ka zo. Ba a iya gyara wannan daga tsakiya?"

"Ba a iyawa. Sai an goge an sake daga farko."

"To, goge."

Yinin ranar ya tafi a gugar samfefa da sake shafa fari. Bamanga ya kunna jirgin don ya ɗebe musu kewa, yana kiran sunayen tashoshi duk lokacin da ya zagayo, yana ba da labarin matan da ke miƙo fura da dafaffen ƙwai ta taga a Bajoga, da wani direba da ba ya tashi sai ya sha shayi ko da duniya za ta tashi. Zulki yana guga yana saurare. Rabonsa da yini guda cur a wurin aiki da damina har ya manta.

Kashegari da hantsi akwai ɗan duhu can ƙasa-ƙasa a gabas. Zulki ya tsaya a ƙofar zaure da robobinsa, ya kasa shiga. Bamanga ya fito, ya kare ido da tafin hannu, ya shaƙi iska, ya ɗebi ƙasa ya sake ta yana kallon inda ta nufa.

"Wannan ba namu ba ne, arewa zai bi. Ko da zai waiwayo, sai bayan la'asar. Ni ɗan makiyaya ne, a bayan saniya aka yaye ni. Shiga ka yi aikinka."

Zulki ya shiga. Ya miƙa wa tsoho kwalbar fesa ruwa ta masu guga, ya ce ya riƙa bin gabansa yana ɗan jiƙa katakon, kada ya cika. Suka fara. Mai kauri a sama, matsakaici, mai haske a ƙasa, sannan busasshen burushi yana kai da kawowa a gicciye har iyakokin su narke. Taku ɗaya zuwa dama, a sake.

Ba su kai tsakiya ba aka fara jifan kwanon rufi, ɗaya-ɗaya, kamar da tsakuwa. Kafin Zulki ya ɗaga kai ruwa ya sauko gaba ɗaya.

Hannunsa ya tsaya a kan katakon. Ɗakin ya yi duhu, ƙarar kwano ta cika kunne. Yana ganin gangaren gidansa a zuci, da jan ruwa yana cin gindin katanga.

Bamanga ya leƙa taga, ya dawo yana sosa gemu.

"To. Shekarun da na yi ina kallon ƙarfe sun cinye ilmin." Ya ajiye kwalbar. "Laima na bayan ƙofa, Malam Zulki. Ba zan riƙe ka ba, kuma ba zan kira Jaji ba. Sai dai in ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba."

Zulki ya dubi ƙofar. Ya dubi inda burushinsa ya tsaya. Fentin yana nan da ƙyallinsa, ɗanye shar, bai ko fara kamewa ba.

"Bappa, wayata na aljihun rigar can. Ka kira Maman Najeeba, matata ke nan. Ka sa yadda zan ji."

Tsoho ya lalubo, ya matsa, ya riƙe masa kusa da kunne. Ta yi ƙara ta katse. Ya sake. Zulki bai san yana cuɗa wuri ɗaya da burushi ba sai da ya ga shuɗin ya fara kwashewa, ya matsa gaba. A kira na biyu aka ɗauka.

"Malam? Ina waje ina tara ruwa, ban ji ba."

"Yaya katangar?"

"Tana inda ka bar ta."

"Magudanar fa?"

"Tana aikinta. Kai kana naka?"

Bamanga ya karkato da wayar wajen bakinsa. "Yana yi, 'yata."

"Ina kwana, Baba. Don Allah kada ka ba shi laima. In ya zo zai tsaya mini a ka ne, ga robobi ban gama cikawa ba."

"Ki bar wayar a kusa da ke," in ji Zulki.

"Tana cikin zanena. Sai ka dawo."

Ya ci gaba. Tsoron bai tafi ba, kuma duk tsawar da aka yi sai kafaɗarsa ta ɗaga. Amma damshin da ya cika ɗakin ya hana fentin saurin bushewa, har ba a ƙara bukatar kwalbar Bamanga ba. Fentin da ya yi ta tsere da shi shekaranjiya, yau yana jiransa. Ya sami sukunin komawa baya ya lallaɓa inda bai gamsu ba, ya ƙara fari a can ƙasa inda sama za ta taɓa tsaunin siminti. Tsoho ya kunna fitilar caji ya riƙe masa, yana bin sa taku-taku.

Da burushin ya fita ta ɗaya bakin falankin, Zulki ya ajiye shi a ruwa, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Rigarsa ta jiƙe kamar shi aka yi wa ruwan.

Sun yi azahar a zaure saboda ba a fita. Zuwa la'asar ruwan ya koma yayyafi, katakon kuma ya sha iska yadda za a iya ɗagawa. Suka kama shi a hankali suka kafa a bayan teburin. Bamanga ya sa sabon batir. Jirgin ya tashi daga tashar kwali, ya haye gada, ya ratsa shanu, kuma a karo na farko akwai nisa a bayansa. Tsoho ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da layin, ya daɗe a haka.

"Gajimare fa?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Sai ya bushe sosai. Gobe in zo da soso."

"Farare. Kada ka cika su. Babarbare in ya ga an yaba masa sai ya zarce."

A gaban Zulki tsoho ya kira Jaji ya ce ya zo ya ga abin da bawansa ya yi.

Yanzu Zulki yana aikin makarantar, shi aka ba azuzuwan da ke kallon gabas, bai kuma nemi a canza masa ba. Idan gari ya fara duhu yakan sauko daga tsani, ya goge hannu a wando, ya kira gida. Wani lokacin maganar ba ta wuce tambaya biyu. Ranar da waya ta ƙi shiga, ya rufe gwangwani ya gaya wa Jaji, Jaji ya ce ya je. Sauran ranakun kuwa yakan mayar da wayar aljihu, ya ɗan tsaya a bakin taga, sannan ya hau ya ci gaba daga inda fentin yake ɗanye.